Kafin Ka Tare a Gidan Gona

Ɗana,

Mahaifinka ya shaida mini cewa ka sayi fili a bayan gari, kana shirin barin haya ka koma can da zama, ka noma abin da za ku ci, ka yi kiwo, ka huta da cefanen kullum. Na yi murna, kuma ba zan ce maka kada ka je ba. So nake dai ka san abin da za ka tarar. Aikin gidan gona ƙanana ne, yawancinsu ko yaro zai iya, amma ba sa ɗaguwa. Akuya ba ruwanta da ranar Salla, ba ruwanta da kana zazzaɓi. In gari ya waye tana jiran ruwa da abinci, kuma za ta gaya wa unguwa duka in ba ta samu ba.

Mahaifinka ya ce mini hotunan Turawan Amurka da kake kallo a waya su suka ƙara maka ƙaimi: gidan katako a tsakiyar daji, kaji na kiwo, ga uwargida tana jera kwalaben tumatir. Abin nasu yana da asali. A 1862 gwamnatinsu ta yi dokar da ta ba wanda ya cika sharuɗɗa eka 160, in ya zauna a kai ya noma shekara biyar ta zama tasa. Ƙasar kuwa daga hannun 'yan asalin wurin aka karɓe ta, amma wannan wani zance ne. Da yawa sun kafu, da yawa kuma sun tattara komatsansu tun wa'adi bai cika ba, saboda fari da fara da kaɗaici. Ko Scott Nearing da matarsa Helen, waɗanda suka bar birnin New York a 1932 suka koma karkarar Vermont, suka kuma rubuta littafin da ya zaburar da masu wannan ra'ayi a 1954, ba su rabu da kuɗi ba. Ruwan wata bishiya mai zaƙi suke dafawa su sayar, da shi suke sayen abin da gona ba ta bayarwa. Mai ɗaukar hoto ba ya nuna maka wannan, kamar yadda ba ya nuna maka wanda ya kwashe kashin kajin kafin a kunna kyamara.

Ba sai ka je nesa neman abin koyi ba. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe suna ba masana mamaki. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarinsu tun a shekarun 1960. Yana son ya gane yadda jama'a mai yawa haka take noma gona ɗaya kowace shekara, ba a barinta saura, amma ƙasar ba ta mutu ba. Abin da ya gano, kakanka zai iya faɗa masa a zaure. Da damina dabbobi na turke, ana yanko musu ciyawar da aka nome. Da kaka a naɗe harawar wake da ta gyaɗa a ɗora bisa rufi ko a kan bishiya, a tara kara. Dabbobi su ci, su yi kashi, a tara. Da bazara jaki ya kwashe a mangala ya kai gona, a zuba tsibi-tsibi. Jakin da ya kai itace birni ba ya dawowa wayam, da jujin gari yake dawowa. Gero da dawa kuma ba sa zama su kaɗai, ana sarƙa musu wake da gyaɗa, masu ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwarsu.

Ka duba da kyau, a cikin wannan duka kayan aikin da ya fi muhimmanci tsintsiya ce da kwando. Don haka bari in daɗe a kan taki, ko da za ka ce Baffa ya tsufa.

Yawancin masu komawa gona daga birni suna lissafa kuɗin takin zamani, su mance da wanda ke zuba a turkensu kyauta. Kashin dabba in aka bar shi a fili rana ta dake shi, ruwa ya wanke shi, ƙarfinsa tafiya yake yi. Mafi yawan sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar kuwa a fitsari yake, kuma shi ne ya fi saurin salwanta. Saboda haka ka riƙa shimfiɗa ƙaiƙayi ko ragowar ciyawa a ƙarƙashin dabbobin ya shanye fitsarin, sannan a kwashe gaba ɗaya a zuba a rami a inuwa. A haɗa da tokar murhu da sharar tsakar gida da ruwan wanke-wanke, a juya shi lokaci-lokaci har ya ruɓe ya yi baƙi, warinsa ya kwanta. Ɗanyen taki yana ƙona shuka, yana kuma kai irin ciyawa gona. Leda da tsohon batir da fasasshiyar kwalba kada su shiga ramin. Akuya ma in ta ci leda a cikinta take zama har ta kashe ta. In ka ga ƙuduji ya yi yawa a gonar dawa, ƙasar ce ke gaya maka ta gaji. Ƙwaya ɗaya tana zubar da iri dubbai masu yawa, irin kuma ya kan yi fiye da shekara goma a ƙasa yana jira. A tuge shi kafin ya yi fure, a ƙara taki, a juya da wake ko gyaɗa. Wannan ma aikin yamma ne na mutum ɗaya, in an yi shi kan kari.

Yanzu zauna ka yi lissafi, da takarda. Mutum guda yana cin kamar buhu biyu zuwa biyu da rabi na hatsi a shekara, buhu mai kilo 100. Hekta ɗaya ta gero a noman gargajiya ba kasafai take wuce buhu goma ba, sau da yawa ma ba ta kaiwa. Gida mai mutum takwas ke nan yana bukatar aƙalla hekta biyu ta hatsi zalla kafin a yi maganar miya, ko sabulu, ko kuɗin makaranta. Bayan ka ƙirga bakunan da za su ci, ka ƙirga hannuwan da za su yi aiki, kuma ka ƙirga su a watan Agusta. A lokacin marka ne ciyawa ke rige-rige da shuka, ga maimai, ga yankan ciyawar dabbobi safe da yamma, ga katanga na jiƙewa, ga rumbu ya yi ƙasa, ga sauro ya kwantar da rabin gida. Duk abin da gidanka ba zai iya riƙewa a wannan wata ba, kada ka fara shi don ka ga da rani kana da sarari.

Shi ya sa nake ba ka shawara ka soma da kaɗan. Awaki mata biyu ko uku sun isa shekarar farko. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi tana da juriya, cikinta wata biyar, kuma ta kan haifi biyu. In ka kula da ita garke zai zo da kansa. Saniya da shanun huɗa su jira sai ka ga yawan harawar da gonarka ke bayarwa. Duk dabbar da ka sayo a kasuwa ka ware ta mako biyu ko uku kafin ta haɗu da na gida, domin kasuwa ce matattarar cuta. Akwai annobar awaki da tumaki mai zuwa da majina da zawo, allurarta guda tana kare dabba shekara uku, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta. Kaji ma haka. Ciwon da ke share su da hunturu, wanda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, ba ya jin magani in ya shigo, amma ɗigon rigakafi a ido duk bayan wata uku ko huɗu yana tare shi. Mutane kan kashe kuɗi su gina akurki mai kyau, su yi ƙyashin sayen wannan ɗigon.

Zabbi kuwa sai mai haƙuri. Zabuwa ba ta iya reno ba, don haka ake sa wa kaza ƙwanta. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa 26 zuwa 28, saboda haka kada a haɗa mata su rana ɗaya, za ta tashi da 'yan tsakinta ta bar sauran su yi sanyi. 'Yan zabbi raɓa da sanyi ke kashe su a makonnin farko. A tsare su a busasshen wuri, a nemo musu gara.

Idan ka zo sassabe, ka riƙe gatarinka. Waɗannan 'yan kalgo da sabara da gawo da ke tohowa a fili, yawancinsu tsofaffin kututture ne masu rai, saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Abin da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura da shi ke nan a yankin Maraɗi a 1983, bayan dashen itatuwa ya yi ta mutuwa a hannunsa. Manoma suka koma zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su bar waɗannan su tashi. Suka kira shi sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200, da wuƙa da lauje kawai. Gawo musamman ka girmama shi: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya lokacin da babu komai a ƙasa. Reshen da ka datse shi ne itacen girkinku. A shinge ka sa zogale da lalle, a bayan gida kuka da mangwaro, ko da jikokinka ne za su ci moriyarsu.

Noma rabin aiki ne, ajiya ce sauran. Iyayenmu suna da rumbun ci da rumbun tsimi, kuma na biyun ba a buɗe shi sai an ga damina ta kama sosai. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a yi musu bayanin dalili. Gero da dawa a zangarniya, a dami, sun fi daɗewa a kan wanda aka sussuke. Wake ne mai rigima, ƙwari na cinye shi cikin 'yan watanni. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Iska ba ta shiga, ƙwarin su shanye wadda ke ciki su mutu, ba a sa magani ko kaɗan. Jarka ko duro mai murfi in an cika shi an toshe, aikin ɗaya ne. Sharaɗin dai hatsin ya bushe ƙarau. Ka zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri ka girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a mayar rana. Gyaɗa da masara kada a shanya su a ƙasa tsirara, a shimfiɗa tabarma ko tamfol, domin fumfunar da ke kama su tana da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ina roƙonka, kada fiya-fiya ta kusanci abincin da za a ci, kada kuma a sa ƙwayar gas ta hatsi a ɗakin da mutum ke kwana ko wanda ke jikinsa. An yi asarar rayuka a kan wannan.

Kafin dami ya shiga rumbu, a fitar da hakkin Allah in amfanin ya kai nisabi: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda ka sha wahalar ban-ruwa. Malamin garin zai auna maka da ma'aunin wurin.

Sai maganar da na fi so ka saurara. Wannan shiri naka, rabinsa a kan 'yata maiɗakinka zai sauka, kuma ban ji an ce an tambaye ta ba. Surfe, tankaɗe, ɗibar ruwa, hura wuta da ɗanyen itace, shanyar kuɓewa da kauɗar tumatir, tatsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, duk waɗannan da ake yabawa a baki wani ne ke tsayuwa a kansu tun asuba. Yarinyar da ta tashi da famfo da gas, ba adalci ba ne a wayi gari a miƙa mata taɓarya a ce dogaro da kai ake yi. Ku zauna ku raba aikin. Rijiya ko burtsatse ta riga ɗakin baƙi. A sami murhu mai tsimin itace, kicin ya zama mai shan iska, domin hayaƙi yana cin ido da ƙirji a hankali. Niƙa a kai inji, ba abin kunya ba ne. In ta yi kiwon akuya ko kaji, dukiyarta ce, ba a sayarwa sai da izininta, haka muka tarar kuma haka shari'a ta ce. 'Yar garkar bayan ɗaki mai alayyahu da rama da yakuwa da attaruhu, wadda ruwan alwala da na wanke-wanke ke shayarwa, ta fi rage cefane a kan abin da za ka zata. In babu wutar lantarki, ga dabarar da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a baki, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yalo da tattasai sai su yi kwanaki ba su yanƙwane ba.

Yara su yi aiki, yana gyara su, amma kiwo kada ya cinye makaranta. Ka san nisan asibiti mafi kusa tun kafin dare ya kama ka da mai naƙuda. Ka sayi takalmin roba mai tsawo da tocila, domin kububuwa tana son tarin kara da gindin rumbu. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a ɗaurewa tamau, asibiti ake nufa. Na Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a kan saran maciji.

In kaka ta wuce, hannu zai sami sarari, kuma a nan ne daɗin zaman yake. Iyayenmu ba sa zama haka kawai: wani na tufkar igiyar rama, wani na saƙar zana ko tabarmar kaba, wani na ɗinkin hula a gindin bishiya ana dara a gefe. Ka nemi naka. In ka tambaye ni, tattabaru. Tsohuwar tukunya ta ishe su ɗaki, ƙwai biyu suke yi, kwana 18 su ƙyanƙyashe, cikin wata guda 'yan shila sun isa yanka, kashinsu kuma albasa da barkono na sonsa. Amma ba don wannan nake son su ba. Ka zauna da la'asar ka ga sun yi gewaye sun sauka, za ka gane. Zuma ma abin sha'awa ce, ko amyar gargajiya ko ta katako irin ta Kenya mai sanduna a sama, wadda ake ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya a duba. A yi amfani da hayaƙi, kada a babbake su da wuta, a bar musu saƙar 'ya'ya da abin da za su ci. A nisanta amya daga turke, don dabbar da ke ɗaure ba ta da wurin gudu in suka fusata. Shawarata a nan ita ce ka bar abu guda wanda ba na sayarwa ba. Da zarar ka fara lissafin riba a kan tattabarunka, sun shiga layin awaki, ka rasa wurin hutawa.

Gidan nan kuma kada ka kafa shi can shi kaɗai don ka ga haka Turawa ke yi. Halin tsaro a yankunanmu ya isa dalili, amma ko babu shi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za ka bukaci aron garma, da bunsurun maƙwabci, da wanda zai duba maka dabbobi ranar da aka yi rasuwa a dangi. Gayya bashi ce, wanda bai je ta wani ba ba a zuwa tasa. Ka gai da mai unguwa da dagaci, ka je jana'iza da suna, kada ka zama ɗan birnin da ya zo koya wa mutane noma. Filin da ka saya ka tabbatar ba gadon da ba a raba ba ne, a rubuta da shaidu, a zagaya iyaka da maƙwabta, sannan ka nemi takarda. A dokar filaye ta 1978 ƙaramar hukuma ce ke ba da ita ga filin karkara. Ka tambaya ko burtali ya ratsa ta wurin, in ya ratsa ka bar masa hanyarsa. Da can manomi har roƙon Bafulatani yake yi ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi a sha nono. Inda wannan hulɗa ke da sauran rai, ka riƙe ta.

Aikinka na birni kada ka sake shi yanzu. Gishiri, magani, littafin yara da man fitila duk kuɗi suke so, gona kuma sau ɗaya take biya a shekara. Wanda bukata ta sa ya sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, shi ne ke dawowa ya saye shi da tsada da marka. Daminar bana ka noma filin kana zuwa daga gida, ka riƙa kwana can wasu ranaku, musamman a Agusta, ka rubuta duk abin da ka kashe da abin da ka samu. Iri kuwa ka nemi na maƙwabtanka na wurin tukuna, ka gwada na cibiyar binciken noma ta Samaru a gefe guda ka ga wanda ƙasar ta karɓa. Iyali su biyo baya in rijiya ta samu kuma rumbu ya tsaya.

Akwai 'yar akuya a nan gidan da na ware maka, in ka kafa turke ka aiko a ɗauka. Ka gai da 'yata da yara. Allah ya yi maka albarka, ya sa a tare a sa'a.

Baffanka.